Gawayin Garaku da Wutar Neja Delta: Inda Iskar Metan Ke Raguwa da Inda Take Ƙaruwa

Duk wanda ya bi hanyar Keffi zuwa Akwanga, ya ratsa Garaku, hedikwatar ƙaramar hukumar Kokona a jihar Nasarawa, zai ga buhunan gawayi jere a bakin titi, an cika su har sun yi tozo, an ɗaure bakinsu da igiya. Yawancinsu ba a nan za a ƙone su ba. Motoci ne ke kwasarsu su yi yamma, Masaka, Mararaba, Nyanya, har cikin Abuja, wurin masu abincin sayarwa da masu gasa masara da matan auren da gas ya fi ƙarfin aljihunsu. Amma tun kafin buhun ya iso bakin titi, ya riga ya saki kasonsa na wata iska marar launi marar wari, wadda masana ke kira metan.

Metan ita ce mafi yawan abin da ke cikin iskar gas da ake haƙowa daga ƙarƙashin ƙasa. Idan ta ƙone ƙurmus, sai ta koma iskar kabon da tururin ruwa. Idan kuwa ta sulale sama ba ta ƙone ba, sai ta zame wa duniya bargo, ta hana zafi fita. A cikin shekara 20 na farko, ƙarfinta wajen riƙe zafi ya ninka na kabon fiye da sau 80. Sauƙinta ɗaya, ba ta daɗewa, shekara 12 ko makamancin haka take yi ta narke, alhali kabon kan yi ɗaruruwan shekaru. Yawanta a sararin samaniya ya ninka abin da yake kafin zamanin masana'antu fiye da sau biyu da rabi, kuma ita ke da alhakin kusan kashi 30 cikin 100 na ɗumamar da duniya ta yi tun daga lokacin. Tumbin shanu da fadamun shinkafa da juji duk suna fitar da ita, sai dai maganarmu a nan ta makamashi ce. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta cewa man fetur da gas da kwal sun saki kusan tan miliyan 120 a shekarar 2023.

A Najeriya, idan aka ce metan na makamashi, hankali kan tafi kudu, kuma da dalili. An gano mai a Oloibiri a 1956, aka fara fitar da shi a 1958. Ɗanyen mai yana fitowa ne tare da gas, kamfanoni kuwa mai suke so, don haka sai su cinna wa gas ɗin wuta a bakin bututu, dare da rana. A shekarun 1970 kusan duk gas ɗin da ya biyo mai haka yake ƙarewa. Dokar soja ta 1979 ta ce a daina daga watan Janairun 1984, amma da wa'adin ya zo sai aka buɗe ƙofa: wanda ya samu izinin minista, ya biya tara, ya ci gaba. Tarar ta fara da kwabo 2 a kan kowane kubik ƙafa dubu, ta kai naira 10 a 1998, ta tsaya nan shekara ashirin. Wa zai kashe miliyoyin daloli ya gina bututu alhali naira 10 ta wanke shi? A 2005 Babbar Kotun Tarayya da ke Benin ta yanke hukuncin cewa ƙona gas tauye haƙƙin rayuwar mutanen Iwherekan ne, wutar dai ba ta mutu ba. Sai a 2018 aka mayar da tarar dala 2 ga manyan masu haƙo.

Duk da wannan jan ƙafa, adadin ya sauka ƙwarai. Kamfanin sarrafa gas na tsibirin Bonny ya fara lodi zuwa ƙasashen waje a 1999, tashoshin lantarki suka fara shan gas, abin da ake zubarwa ya zama haja. Bankin Duniya, wanda ke auna harsunan wutar ta tauraron ɗan'adam, ya ce cikin shekara 15 Najeriya ta rage ƙona gas da kusan kashi 70 cikin 100, zuwa kubik mita biliyan 7 a 2020. Nasara ce, sai dai a yi hattara da ita. Wani ɓangare na raguwar ya biyo bayan faɗuwar haƙon man ne kansa, daga kusan ganga miliyan biyu da rabi a kullum a 2005 zuwa abin da bai kai miliyan ɗaya da rabi ba a 2022. Sannan tauraron wuta yake gani. Gas ɗin da ke yoyo daga tsohon bututu, ko wanda aka saki ɗanye, ba ya haske. Hatta wutar da ke ci ba ta cinye komai ba. An daɗe ana lissafin tana ƙone kashi 98, sai wani bincike da mujallar Science ta buga a 2022 ya gano cewa a manyan filayen man Amurka kashi 91 ne kacal.

Yanzu mu dawo dajin Kokona. Mai gawayi zai sare ƙirya ko marke, wani lokaci har da kaɗanya, ya daddatsa, ya jera gungumen, ya rufe da ciyawa da ganye, ya lulluɓe da ƙasa, ya bar 'yan kafofi, sannan ya cinna wuta. Duk gwanintar sana'ar ita ce hana wutar samun isasshiyar iska, domin idan ta samu, toka zai kwasa. To itacen da ke dahuwa cikin ƙarancin iska shi ne ke fitar da metan. Kwana da kwanaki tudun yana huci, farin hayaki da farko, sai ya yi rawaya-rawaya mai yaji a ido, sai ya koma shuɗi siriri, alamar aiki ya kusa. A irin wannan turke, sai an ƙone kilo biyar zuwa goma na itace kafin a samu kilo ɗaya na gawayi. Ragowar ta tafi sama.

Murhun duwatsu uku ma haka ne, musamman da damina, lokacin da itace ya jiƙe, uwargida tana fifita tana hawaye. Jadawalin da kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi ya fitar a 2006 ya nuna cewa idan aka auna zafi daidai da zafi, itacen girki yana fitar da metan ninki 60 na gas ɗin tukunya, ninki 30 na kalanzir. Kuma mafi yawan zafin murhu ta gefen tukunya yake zurarewa. Gas ɗin girki, in ba a manta ba, ba metan ba ne, wasu 'yan'uwanta ne da ba su da irin illarta.

Murhu ɗaya ba komai ba ne a gaban wutar Neja Delta. Amma ƙidayar 1963 ta ba da mutum miliyan 55 da ɗoriya, yau mun haura miliyan 200, kuma har yanzu kusan gida biyu cikin uku da itace ko gawayi suke girki. Wannan adadi hawa yake yi tare da yawan jama'a, shekara bayan shekara, kuma ba shi da mita, ba shi da mai dubawa. Ƙiyasi kawai ake yi masa daga ofis. Najeriya ta shiga alƙawarin Glasgow na 2021 na rage metan a duniya da kashi 30 cikin 100 kafin 2030, hukumar da ke kula da haƙar mai ta fitar da ƙa'idojin toshe yoyo a 2022, duk abin yabo ne. Sai dai kusan dukkan wannan himma ta tsaya ne a kan rijiya da bututu.

Abin da ke yanke yawan turakun da za su yi hayaƙi a ƙauyukan Kokona, farashi ne a Mararaba. An janye tallafin kalanzir a 2016, risho ya shiga ƙarƙashin gado. An janye na fetur ranar 29 ga Mayun 2023, naira ta faɗi, cika tukunyar gas ya zama sai mai hali. Gidajen da suka sha wahala suka sayi tukunya sai suka jingine ta, suka ɗauko murhun gawayi. Gwamnatin jihar ta taɓa sanar da haramta sana'ar gawayi saboda ɓarnar daji, kuma ɓarnar gaskiya ce, kaɗanyar da aka sare yau mata ne za su rasa man kaɗe gobe. Amma ban ga yadda doka za ta yi aiki a kan matashin da ba shi da abin yi da rani, ga mota tana jiransa da kuɗi a hannu ba, ko a kan macen da yaranta ke jiran tuwo. Ɗora musu laifin ɗumamar duniya zalunci ne. Su ne ma hayaƙin ke fara cin huhunsu.

Akwai abin da hannu zai iya kaiwa. Turken bulo ko na ƙarfe mai bututun hayaƙi yana ba da gawayi mai yawa daga itace kaɗan, wani irinsa ma yana mayar da hayaƙin cikin wuta ya ƙone, metan ɗin ya zama makamashi. Busar da itace kafin a turke shi yana rage asara, kuma ba ya cin ko kwabo. Murhu mai rufin yumɓu yana rage gawayin da gida ke ci. Ƙaramar hukuma da ƙungiyar masu gawayi za su iya zama su tsara wannan ba tare da jiran taron ƙasa da ƙasa ba.

Ga kuma wani babi yana buɗewa a jihar. A watan Maris na 2023 aka ƙaddamar da haƙa rijiyar mai ta Ebenyi a ƙaramar hukumar Obi, bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano mai tsawon kilomita 614 yana tafe da gas arewa, motoci kuma suna komawa gas ɗin da ake matsawa a tulu, wanda shi metan ne kusan zallarsa. Idan aka dace da mai a Obi, ya kamata 'yan majalisar jiha da sarakunan yankin su nemi a nuna musu a rubuce inda gas ɗin zai tafi, wanda zai saya, da wanda zai riƙa duba yoyo, tun kafin ganga ta farko ta fito.