Fataucin Goro: Sana'ar da Ba Ta Jiran Ƙarshen Wata

Akwai gardamar da ba ta ƙarewa a majalisun matasa: wa ya fi dacewa, wanda ke zaune a ofis yana jiran albashi, ko wanda ya rungumi hanya, yau Shagamu jibi Kano? Ma'aikaci yakan ce ya san abin da zai shigo masa duk wata, yana kwana da iyalinsa, ga fansho in ƙarfi ya ƙare. Farke kuma yakan ce albashi ba ya gina gida, kuma shi ba ya neman izinin kowa kafin ya je jana'izar ɗan'uwansa. Kowa da gaskiyarsa. Amma duk wanda ya bi huhun goro tun daga gindin bishiya har faifan mai talla, zai gane cewa farken ma yana da ubangida mai tsanani, wato goron kansa.

Goro ba ya yi a ƙasar Hausa, amma babu ɗaurin aure ko suna da zai cika ba tare da shi ba. Wannan ne ya sa kakanninmu suka riƙa haɗa ayari zuwa Gwanja, musamman kasuwar Salaga a arewacin Gana ta yau, inda ake kawo goron Asante. Madugu ne shugaba, jagaba na gaba yana nuna hanya, jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, ana tafe ana yada zango wata da watanni. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari sun yi suna a wannan hanya. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, da goro ya kafu kafin ya shiga cinikin gyaɗa. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, noman goro ya bunƙasa a ƙasar Yarbawa, akalar fatauci ta karkata can. Yau jihohin Ogun da Ondo da Osun da Ekiti ne manyan rumbunansa.

Aikin yana farawa a ƙauye. Babbar kakar goro tana kamawa ne wajen ƙarshen shekara. A tsinko kwanso, a fasa, a fitar da 'ya'yan lulluɓe da farin ɓawo. Mata ne galibi ke jiƙa su har ɓawon ya yi laushi, su ɓare, su wanke, su zuba a kwando ya tsane ya yi gumi na 'yan kwanaki. Farke yana sauka ne a Sabo, unguwar Hausawa, wajen maigidansa, wanda ke ba shi masauki, ya haɗa shi da masu kaya, ya kuma tsaya masa in za a yi bashi.

Daga nan sai zaɓe, inda ake gane gwani. Mutum zai zauna gaban tsibin goro yana ɗauka ɗaya-ɗaya, yana juyawa da babban yatsa. Marsa, wato manya masu kyan gani, gefe guda; minu, ƙanana, gefe guda; fari daban, ja daban. Abin da ido ke nema shi ne ɗan ɗigon ramin da ke nuna sankara ta shiga. Ƙwaya ɗaya mai sankara in ta tsallake, za ta iya lalata huhu kafin a kai gida. Sai a shimfiɗa faffaɗan ganyen da ake kira fita, a jera goro, a lulluɓe, a ɗaure tamau. Goro ba ya son zafi, ba ya son iskar hunturu; in ya bushe ya yanƙwane, in laima ta yi yawa ya ruɓe. Mai son ajiye shi ya zama daushe dole ya riƙa kwancewa yana dubawa, yana tsince na banza, yana sake ganye.

Sai hanya. Daga Shagamu zuwa Kano wajen kilomita 1,000 ne: Badun, Ilori, gadar Jebba, Mokwa, Kaduna, Zariya. Kuɗi na zuba tun kafin a tashi: ganye da kwando, 'yan lodi, la'adar dillali, kuɗin mota da ya haura sosai cikin 'yan shekarun nan, ga masu karɓar haraji a shingaye. In mota ta lalace a rana, kowace sa'a asara ce. Ga fargabar 'yan fashi da masu garkuwa da mutane, ga yara a gida da ke girma uba na kan titi.

A Kano, kasuwar Mariri ce matattara. Nan ake kwance huhu, 'yan sari su taya, dillali ya sasanta. Daga nan goro ke wucewa Maiduguri, Maraɗi, Damagaram, har Chadi. 'Yan kiri suna ƙirga shi ƙwarya-ƙwarya, kowace ƙwarya goro 100. Riba ba ta da ma'auni ɗaya. Gab da salla ko lokacin bukukuwa, zuwa ɗaya kan iya fin albashin wata da yawa. Wani zuwan kuma a tarar kasuwa ta cika, a sayar a kan uwar kuɗi, a gode wa Allah.

Saboda haka kuskure ne a ɗauki farke a matsayin mai gudun aiki ko mai son yawo. Ma'aikaci ya ba da lokacinsa ya karɓi tabbas. Farke ya riƙe lokacinsa ya ɗauki kasada. Saurayin da ke sha'awar hanya ya sani cewa ba a shiga wannan sana'a da takardar neman aiki. Yaron gida ake zama shekaru, ana ɗaurin huhu, ana raka kaya, har ubangida ya ga an damƙa masa dukiyar mutane ya kai ta cif ya dawo da lissafi daidai. Ranar ne ake ba shi jari, kuma a ranar ne ya zama farke.