Tabaran majigi: wanda ya saya da wanda ya ƙera, wa ke da iko?

Yau za mu yi magana a kan wata na'ura da yawancinmu ba mu taɓa gani ba. Tabarau ne babba, ana ɗaura shi a fuska da maɗauri. A cikinsa akwai ƙaramin allon majigi a gaban idanu. In ka juya kai dama, hoton ya juya dama. In ka ɗaga kai, ka ga sama. Sai mutum ya ji kamar yana cikin wurin da ake nuna masa, alhali yana zaune a kan tabarmarsa.

Ba wasan yara kaɗai ake yi da shi ba. A shekarar 2019 wani ɗan Najeriya, Joel Kachi Benson, ya ci kyauta a birnin Benis na Italiya da fim irin wannan a kan ƴan matan Chibok. A ƙarshen 2021 hukumomin Saudiyya suka nuna Hajarul Aswad ta wannan hanya. Hukumar addini ta Turkiyya ta ce kallo ne kawai, ba ya zama aikin hajji.

Amma abin da ya shafe mu shi ne abin da ya sami waɗanda suka sayi tabaran.

Kowace na'ura irin wannan tana da jiki, tana da manhaja. Jiki shi ne gilashi da roba da batir. Manhaja kuwa ita ce karatun da kamfani ya zuba a ciki, wanda ke gaya wa jikin abin da zai yi. Jikin naka ne in ka biya kuɗi. Manhajar tana hannun kamfani. Lokaci lokaci yakan aiko da sabuwa ta intanet, ta maye gurbin tsohuwa. Wannan ake kira sabuntawa. Sau da yawa gyara ce mai amfani. Wani lokaci kuwa ta zo da wahala.

Kamfanin Facebook ya sayi kamfanin Oculus mai ƙera tabaran a 2014, a kan dalar Amurka kamar biliyan 2. A watan Oktoba na 2020 ya fito da Quest 2, farashinsa dala 299, wato sama da jaka 150 na sefa. Da araha in an gwada da sauran. Amma ya zo da sharaɗi: sabon mai saye sai ya shiga da asusunsa na Facebook. Mutane suka yi fushi. Wasu da aka rufe musu asusu sai tabaran ya zama ba amfani. A Jamus ma an dakatar da sayar da shi. Ƙorafi ya yi yawa, har a watan Agusta na 2022 kamfanin, wanda ya riga ya canza suna zuwa Meta, ya janye sharaɗin.

A ƙarshen Disamba na 2024 kuma wata sabuntawa ta kashe wasu tabaran Quest. Ka kunna, ba ya tashi. Lokacin bukin Kirsimeti ne, da yawa kyauta aka ba su, ko rana ɗaya ba su more ba. Da farko an ce wa wasu masu tsoffin tabarau garantinsu ya ƙare. Da surutu ya yi ƙarfi sai kamfanin ya yarda zai musanya musu ba tare da biya ba.

Labarin da ya fi ciwo shi ne na Microsoft. A 2017 ya fito da nasa tsarin, kamfanoni irin su HP da Samsung da Lenovo suka ƙera tabarau masu aiki da shi. Waɗannan sai an jona su da kwamfuta. A Disamba na 2023 Microsoft ya sanar zai bar harkar. A Oktoba na 2024 sabuntawar Windows ta zo, an cire manhajar daga ciki. Tabarau lafiyayye, ko tsagewa babu, ya zama kamar garmar shanu ba shanu. Wasu masu shi suka ƙi karɓar sabuntawar don ya ci gaba da aiki. Wasu suka ajiye, suka sayi na wani kamfani. A 2025 wani injiniya ya rubuta wata manhaja mai suna Oasis a lokacin hutunsa, ya raba ta kyauta, tabarau da yawa suka farfaɗo. A ganinmu, abin kunya ne a ce mutum ɗaya ya yi aikin da babban kamfani ya ƙi yi.

Daga nan masu saye suka canza tambaya. Da suna tambayar kyawun hoto da nauyin tabarau a kai. Yanzu sun ƙara da cewa: shekara nawa kamfanin zai ci gaba da kula da shi? Tsada ba ta amsa wannan ba. Na kamfanin Apple ya fito a 2024 a kan dala 3,499, sama da sefa miliyan 2, shi ma manhajarsa tana hannun mai ƙera shi.

Wani zai ce: mu da ba mu da tabarau, ina ruwanmu? Ku duba aljihunku. Salula ma haka take. A Oktoba na 2023 WhatsApp ya daina aiki a wayoyin da manhajarsu ta Android ta tsufa ƙwarai. Wayar tana kira, tana haska fitila, amma saƙon murya na ɗanka da ke ci-rani ba ya shigowa. Mai gyaran waya a Banifandou ko a wata unguwa ta Yamai zai iya canza maka batir ko gilashi. Tilasta wa kamfani kuwa ya fi ƙarfinsa.

Saboda haka in za ka sayi tsohuwar waya a kasuwa, kada ka tsaya ga kyawun bayanta. Ka sa mai ita ya buɗe WhatsApp a gabanka, ka aika saƙo, ka ga ya tafi. Ka ce ya nuna maka lambar Android ɗin. Kuma in wayarka ta fara sabuntawa, ka tabbata batir ya cika, kada ka kashe ta sai ta gama.