Motar da ake kwana cikinta

Dattawa cikinku suna tune da Turawan da ke ƙetaro hamada da mota a shekarun 1970 da 1980. Suna tasowa daga Tamanrasset ta ƙasar Aljeriya, su shigo Nijar ta Assamaka, su bi Arlit da Agadas, su sauko Tawa. In dare ya yi ba su neman masauki. Cikin motarsu suke kwana. Yanzu rashin tsaro ya rage wannan tafiya, amma a Turai har yau mutane suna mai da motar gida ɗakin kwana.

Mene ne asalin abin?

A shekarar 1936 gwamnatin Faransa ta ba ma'aikata hutun sati 2 kowace shekara, kuma ana biyan su albashi. Mutane suka fara yawon buɗe ido. Masauki kuwa da tsada. A shekarar 1951 wani kamfanin Jamus mai suna Westfalia ya fara sa gado da akwatin kaya cikin motar Volkswagen. Wanda ba shi da kuɗin sayen irin wannan, sai ya gyara tasa da kansa.

Yaya ake gyara ta?

Da farko ana kwantar da kujerun baya, ko a cire su. Kafinta ya shimfiɗa katako mai tsawon kamar mita 1 da santimita 80, yadda babban mutum zai miƙe ƙafa. A ɗora katifa bisa katakon. Ƙarƙashinsa a jera tukunya da abinci da bidon ruwa.

Kaya masu nauyi ƙasa ake sa su, a ɗaure da igiya. Bido mai lita 20 nauyinsa kilo 20 ne. In direba ya taka birki da ƙarfi, bidon da ba a ɗaure ba yana iya ji wa yaro ciwo.

Fitila tana bukatar batir nata dabam. In aka sha wutar batirin mota da dare, da safe mota ba ta tashi.

Wurin kwana kuma a zaɓi fili mai lebur, nesa da titi. Kada a tsaya cikin ƙorama ko da ta bushe, don ruwan da aka yi nesa yana iya isowa cikin dare.

Abin da ya fi kome: iska

Ana barin gilashi buɗe kaɗan gefe biyu, a rufe wurin da ƙyallen sange don sauro. Ba a girki cikin mota. Ba a barin inji yana aiki mutane suna barci.

Ga dalili. Gawayi da risho da injin mota, in suna ci wurin da iska ba ta shiga, suna fidda wata guba. Ba ta da wari, ido ba ya ganin ta. Tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iska mai kyau. Mutum ya fara ciwon kai da jiri da tashin zuciya. Mai barci kuwa yana iya mutuwa bai farka ba.

Wannan magana ta shafe mu, ko ba mu da mota. Direbobinmu suna kwana cikin mota a tasha. Lokacin ɗari kuma mukan shigar da kaskon wuta ɗaki, mu rufe ƙofa da taga. Gubar ɗaya ce.

Saboda haka a fitar da kasko waje kafin a kwanta. In kun ga mutum yana jiri cikin rufaffen ɗaki mai wuta, ku buɗe ƙofa, ku fitar da shi fili, ku kai shi likita nan da nan. Wanda ya ji, ya gaya wa maƙwabcinsa kafin ɗari ya shigo.