Kalmar « mill » da zuri'ar Arkwright ta Cromford: daga gidan kaɗi zuwa mallakar ƙasa

1. Mafari

Abin da ya jawo mu ga wannan aiki ƙarami ne. A darasin fassara mun ba ɗalibbai wani guntun rubutu na tarihin Ingila, inda aka ce wani iyali na ƙarni na 18 sun mallaki « mill ». Kusan dukansu sun sa « moulin » da Faransanci, « injin niƙa » da Hausa. Ƙamus bai ƙaryata su ba, amma ma'ana ta ɓace: mai karatu zai zaci masu niƙan alkama ne, alhali kuwa masu kaɗin auduga ne, wato kaɗa.

« Mill » da « moulin » tushensu guda ne, kalmar Latin « molina », wurin niƙa. Faransanci ya raba « moulin » da « filature ». Shi kuwa Ingilishi ya bi babban gargaren da ruwa ke juyawa: duk ginin da ƙarfin ruwa ke tafiyar da na'urorinsa ya ci wannan suna, ko niƙa ake yi a ciki, ko takarda, ko zare. A nan za mu ce « gidan kaɗi ». Wannan bayani ba na ƙamus ba ne kawai. Tun da ruwa ne ke juya na'ura, mai gidan kaɗi ba shi da kwanciyar rai sai ya riƙe ƙasar da ruwan ke bi. Zuri'ar Arkwright ta nuna haka a fili.

2. Mutum ɗaya, laƙabi da yawa

Sunan kansa sana'a ce: « arkwright » shi ne mai ƙera akwatunan katako. An haifi Richard Arkwright a Preston a shekara ta 1732, ubansa tela ne. Ya fara da wanzanci a Bolton, yana aski, yana sayen gashi don yin hulunan gashi irin na lokacin.

Tun daga wata doka ta 1413, takardun ƙara a Ingila sukan ɗora wa sunan mutum matsayinsa ko sana'arsa, kuma al'adar ta bazu zuwa wasiyya da takardun ciniki. Ga mai nazarin harshe wannan ƴar kalma da ke bin suna taska ce, domin da ita ake ganin hawan mutum. A takardar mallakar ƙirƙira (brevet) ta 1769, wadda ta ba shi haƙƙin na'urarsa ta kaɗi, an kira Arkwright mai ƙera agogo na Nottingham. Ba sana'arsa ba ce. Mai agogon shi ne John Kay, wanda ya taimaka masa wajen haɗa na'urar. A ganinmu wanzami ne ya ari laƙabin da ya fi dacewa da ƙarfe. A 1786 sarki George III ya ba shi muƙamin « Sir », ba don zare ba, sai don ya kai wa sarkin jawabin barka da tsira daga hannun wata mata da ta kai masa wuƙa. A 1787 ya zama « High Sheriff » na Derbyshire, wakilin sarki kan sha'anin shari'a a lardin, muƙamin da aka saba ba manyan masu ƙasa.

3. Ruwa, ƙasa da gado

A 1771 ne ya gina gidan kaɗinsa na farko mai aiki da ruwa a Cromford, tare da abokan jari, ciki har da Jedediah Strutt da Samuel Need. Filin na haya ne. Ruwan kuwa daga wuri biyu yake zuwa: ƙoramar Bonsall, da wata magudana da masu haƙar darma suka tona don tsane raminsu. A riƙe zancen wannan magudana, za mu komo gare ta.

Da kuɗi suka shigo sai ya juya ga ƙasa. Ya sayi gandun Willersley a 1782, ya gina gidan kaɗin Masson a bakin kogin Derwent a 1783, sannan a 1789 ya sayi « manor » na Cromford. Wannan ma kalma ce mai wuyar fassara. Ba gona kaɗai ba ce, kuma ba sarautar gari ba ce irin wadda muka sani: yanki ne da ake saye da sayarwa tare da haƙƙoƙin ubangidansa a kan masu zama ciki. Ɗan haya ya zama mai gari ke nan. Ya fara gina wani ƙaton gida a Willersley, gobara ta ci shi a 1791, shi kuma ya mutu a 1792 bai kwana ciki ba. An ƙiyasta abin da ya bari ya kai wajen fam 500.000.

Ya yi aure sau biyu. Matar farko, Patience Holt, ta haifa masa Richard ƙarami a 1755, ta rasu ba da jimawa ba. Ta biyu, Margaret Biggins, ita ce uwar Susanna, wadda ta auri Charles Hurt na Wirksworth, ɗan tsohon gidan masu ƙasa da darma.

Muƙamin « Sir » irin na uban ba a gadonsa, saboda haka Richard ƙarami ya rayu ya mutu ba shi da shi. Amma shi ne ya mai da dukiyar zare ta zama dukiyar ƙasa. Ya rabu da yawancin gidajen kaɗin, ya riƙe na Cromford da Masson, ya shiga harkar banki da ba da rance. Har Georgiana, matar Duke na Devonshire, ta ci bashinsa don biyan asarar caca. Ya sayi Normanton Turville a Leicestershire, Mark Hall a Essex, Dunstall a Staffordshire. A 1810 ya sayi Hampton Court ta Herefordshire daga hannun Earl na Essex, hekta wajen 2.500 (kada a rikita ta da fadar sarki mai wannan suna kusa da Landan). Sutton Scarsdale ta biyo baya a 1824. Lokacin mutuwarsa a 1843 dukiyarsa ta haura fam miliyan 3.

Al'adar manyan gidajen Ingila ita ce ɗan fari namiji ya gaji ƙasa dukanta, ƙannensa su nemi aikin soja ko na coci. Shi yana da ƴaƴa maza shida, kuma yana da abin da zai zaunar da kowa a gandunsa. Babban, Richard, ya riga uban mutuwa a 1832. Robert ya zauna Sutton Scarsdale, John Hampton Court, Charles Dunstall, Joseph, wanda limamin coci ne, Mark Hall. Peter kaɗai ya tsaya ga zare, ya gaji Willersley. Cikin jikoki maza shida na wanzamin, ɗaya ne ya rage a sana'ar da ta yi arzikin.

Mu komo ga magudana. Masu haƙar darma sun tona wata sabuwa, mai suna Meerbrook, wadda ta fi tsohuwar zurfi, sai ruwan Cromford ya ja baya. Iyalin suka kai ƙara, suka faɗi a 1839: kotu ta ce ruwan da ke fitowa daga magudanar da mutum ya tona don amfaninsa ba kamar kogi ba ne, wanda ya daɗe yana mora ba ya samun haƙƙi a kansa. Sun mallaki ƙasar da ke sama, ruwan da ke ƙarƙashi ya kuɓuce musu. Kaɗi ya tsaya a gidan farko cikin shekarun 1840.

Akwai waɗanda bishiyar zuri'a ba ta nuna wa. Ma'aikatan Cromford da yawansu yara ne, wasu tun daga shekara bakwai, suna aiki dare da rana bi da bi. Arkwright yakan yi cigiyar iyalai masu ƴaƴa da yawa a jarida, ya gina musu gidaje a North Street a 1776. Audugar kuma, mai yawa daga cikinta, bayi ne suka noma ta a tsibiran Karibiya da Barazil. Takardun ciniki da wasiyya sun adana sunan kowane gandu da farashinsa, shi ya sa tarihin iyalin ke da sauƙin rubutawa, kuma shi ya sa muke karanta shi da hattara.

Gandayen sun fita daga hannun zuri'ar ɗaya bayan ɗaya: Hampton Court a 1912, Sutton Scarsdale a 1919, inda masu saye suka kware rufin gidan, Willersley a 1927. Gidan kaɗin Masson ya shiga wani babban kamfanin zaren ɗinki a 1897, ya ci gaba da aiki har 1991. A 2001 UNESCO ta sa shi, tare da na Cromford, cikin wuraren tarihi na duniya.