Ƙafata Ce Ke Shan Man, Ba Motar Ba

Har zuwa ranar Litinin 29 ga Mayu, 2023, ban taɓa zama na lissafa abin da tsohuwar Corollata ke sha ba. Ranar ce Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare. Kafin mako ya fita, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta tsallake dubu. Ni da ke fitowa daga Arkilla a Sakkwato kullum, in sauke yara a makaranta, in wuce wurin aiki, in biya kasuwa da yamma, sai na ga albashi yana ƙarewa a bakin famfon gidan mai.

Na ɗora wa motar laifi, na kai ta gareji. Bakaniken, wani dattijo da ya daɗe a sana'ar, ko bonet bai buɗe ba. Ya shiga gaba ya ce in ja mu je. Muka zaga ta Runjin Sambo, muka biyo Dandima, muka dawo, bai ce uffan ba. Sai da na tsaya ya dube ni ya ce, "Malam, motagga lahiyatta lau. Ƙahwakka ita ka shan mai."

Na ji haushi, amma da ya fara zayyano abin da ya gani sai na yi shiru. Ina tashi da ƙarfi kamar an biyo ni, ina manne wa motar gabana, ina hango danja ta nuna ja amma ƙafata na kan totur har sai na iso, sannan in danna birki. Duk gudun da mota ta yi, da mai aka saye shi. Idan ka taka birki, wannan gudun ya zama zafi a jikin birkin, ya bi iska, sai ka sake sayen wani. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa tuƙin gaggawa irin wannan yana cin kashi 10 zuwa 40 cikin ɗari na tafiyar da lita za ta yi a cikin cunkoson gari. Maganin kuma ba ya cin ko sisi. Ka riƙa duban nesa, ka ɗage ƙafa tun kana hango shataletale ko ɗan kabu-kabu zai ratsa, ka bar motar ta gangara da kanta, ka sauya giya da wuri kada injin ya yi ta kuka. Wanda ya wuce ka da gudu a Titin Ahmadu Bello, a danja ta gaba za ka tarar da shi yana jiranka.

A babbar hanya, kamar ta Gusau ko ta Illela, iska ce abokiyar gaba. Da zarar ka haura kilomita 80 a sa'a, yawancin motoci sukan fara shan mai fiye da kima, don ƙarfin da ake buƙata a keta iska yana hauhawa fiye da yadda gudun ke ƙaruwa. Kaya a saman mota sun fi na cikin but cin mai saboda wannan dalilin.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, wasu dabarun da muka gada da sunan tattali su ne ɓarnar. Ɗauki saka mota a firi a gangara. A tsofaffin motoci masu kabureta wataƙila an ɗan rage wani abu. Amma motar zamani mai injekta, idan tana cikin giya ka ɗage ƙafa, kwamfutarta kan tsayar da ba injin mai har sai gudu ya ragu. Idan kuwa ka cire giya, dole ta ci gaba da ba shi mai don kada ya mutu. Masu kashe injin gaba ɗaya a gangara kuwa, da ransu da na fasinja suke wasa, don birki da sitiyari duk sukan yi tauri.

Haka ɗumama mota da safe. Na shekara da shekaru ina tayar da ita in koma ciki in sha koko, tana ta ruri a ƙofar gida. A garin da ko cikin hunturu rana ke gasa mutum kafin azahar! Rabin minti ya isa mai ya zaga injin, sauran ɗumin a kan hanya za ta yi shi idan ka tafi a hankali. Mota a tsaye tana iya ƙona lita ɗaya zuwa biyu a sa'a ba ta je ko'ina ba. Yanzu idan na je ɗauko yara, ko na tsaya sayen kilishi, kashewa nake yi.

Sai taya. Idan bazara ta kama, zafi ya wuce digiri 40, za ka ji direba na ce wa mai faci ya rage masa iska kada taya ta fashe. Akasin haka ne. Taya mai ƙarancin iska ta fi lanƙwashewa a kan kwalta, ta fi yin zafi, ta fi saurin fashewa, kuma tana jan injin baya. Adadin iskar da ya dace yana rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba a yawancin motoci, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta ɗauki zafi. Daga baya, da ya buɗe bonet, dattijon nan ya kuma gano cewa wani ya taɓa cire wa motar tamostat, ɗan abin nan da ke daidaita zafin injin, wai don ƙasarmu da zafi. Injin da bai kai zafinsa ba, mai yake ƙara sha. Ya mayar da shi. 'Yan kabu-kabu kuma, da yake yawancin babura kabureta gare su, filtar iskar da ƙurar hunturu ta toshe tana iya ƙara musu shan mai.

Esi kam, ba zan yi wa kowa wa'azi ba. A tsananin zafi, a gajeriyar tafiya, tana iya cin fiye da kashi 25 cikin ɗari, amma wanda ya taɓa zama cikin mota a Sakkwato a watan Afrilu ya san ba ado ba ce. Abin da nake yi kawai, in nemi inuwar dogonyaro in aje motar, in kuma sauke gilasai zafin ciki ya fita kafin in kunna.

Da aljihu na fara, daga baya na san akwai wani lissafin. Kowace litar fetur da ta ƙone tana sakin kusan kilo 2.3 na iskar kabon, wadda ke taruwa a sama tana riƙe zafin rana. Litar kanta ba ta kai kilo ɗaya ba, sauran nauyin daga iskar da injin ya shaƙa yake zuwa. Wato lita goma, kilo 23 ke nan, kusan rabin buhun siminti. A taron Glasgow na 2021 Najeriya ta yi alkawarin daidaita hayaƙin da take fitarwa nan da 2060. Gaskiya dai, Corollata ba za ta sanyaya Sakkwato ba, kuma ba mu ne muka cika sama da hayaƙi ba, manyan ƙasashe masu masana'antu ne. Amma mu ne ke bakin hamada. Sannan sauran dattin da ke fita ta salansa ba sama yake zuwa ba, yarinyar da ke tallan fura a bakin titi ita ke shaƙa.

Man da ke ƙare mini ran Alhamis yanzu yana kai ni Asabar. Kada ka ɗauki maganata haka nan. Ka cika tanki, ka rubuta kilomitar da ke kan mita, ka yi tuƙinka yadda ka saba har ka sake cikawa. Zagaye na biyu ka sassauta ƙafa, ka kuma biya wurin mai faci da sassafe, sannan ka kwatanta.