Saniya mai tagwaye: Riba ce ko wahala ga makiyayi?

A ɗabi'arta, saniya ɗa guda take haifa bayan ta shafe kimanin kwana 283 da ciki. A cikin shanun da ake kiwo domin nama, haihuwa ɗaya ko biyu ce kacal cikin ɗari ke zuwa da tagwaye. Sai dai bincike ya tabbatar da cewa wannan hali ana gadonsa, kuma ana iya yawaita shi a garke ta hanyar zaɓen iri.

A shekarar 1981, cibiyar binciken dabbobin nama ta gwamnatin Amurka da ke jihar Nebraska ta fara tara shanun da aka sani da haihuwar tagwaye, tana haɗa su da bijiman da suka fito daga irin wannan tsatso. Bayan kimanin shekara 20, kusan rabin haihuwar da ake samu a garken ta zama ta tagwaye.

Amma nasarar ta zo da nata matsaloli. Tagwayen maruƙa kan zo kamar mako guda kafin lokaci, ba su kai ɗa tilo nauyi ba, kuma sun fi saurin mutuwa. Uwar takan sha wuya wajen naƙuda, mabiyiya takan maƙale, sannan takan jinkirta sake ɗaukar ciki. Idan kuwa tagwayen mace da namiji ne, jininsu kan gauraya tun a cikin mahaifa, abin da ke tauye gaɓoɓin haihuwar macen. Kusan tara cikin goma na irin waɗannan karsana kan tashi juya.

Wannan ne ya sa masu kiwo ke ɗora halin uwa a kan yawan 'ya'ya. Uwa tagari ita ce mai haihuwa ba tare da an taimaka mata ba, ta lashe ɗanta nan take, ta tsaya masa ya sha dakashi a sa'o'in farko, domin daga dakashin ne maraƙi ke samun garkuwar jiki. Tana kuma da lafiyayyar hantsa da nonon da zai ishe shi har yaye. Shi ma wannan hali ana gadonsa.

Ga makiyayin Arewacin Najeriya, wanda Bunaji ko Bokolonsa ke ramewa da rani, kuma iyalinsa ke raba nonon saniyar da maraƙi, tagwaye sai su zama nauyi matuƙar ba a tanadi dusa, harawa da kulawar likitan dabbobi ba. A garken gargajiya, saniya kan kusan shekara biyu tsakanin haihuwa da haihuwa. Rage wannan tazara shi ne ribar da ta fi kusa.

Don haka, a ajiye karsanar da uwarta ke haihuwa a kan kari tana raya abin da ta haifa, a kuma binciki uwar bijimi kafin a sake shi cikin garke.