Allurar Da Ake Yi Kafin Ɗaukar Hoton Jiki

Sau da yawa marasa lafiya da ake turo mana daga Talata Mafara, Bakura da Maradun sukan tsorata idan aka ce za a yi musu allura kafin hoton MRI. Wata baiwar Allah ta taɓa tambayata: "Sista, ni da na zo hoto, me ya kawo allura?"

Na'urar MRI da maganaɗisu take aiki. Wani lokaci ƙari ko jijiyar jini ba sa fitowa sosai, sai an sa wani ruwa ta jijiya wanda zai haskaka wurin. Ruwan da aka fi amfani da shi yana ɗauke da sinadarin gadolinium, kuma ƙoda ce ke fitar da shi ta fitsari. A shekarar 2006 likitoci suka gano cewa yana iya jawo wa masu ciwon ƙoda mai tsanani wata cuta da ke sa fata ta yi tauri. Haka kuma ana guje wa ba mai juna biyu shi, sai in ya zama dole.

Wannan ya sa masana suka mai da hankali kan wasu ƙananan ƙwayoyin ƙarfe da ido ba ya gani, waɗanda sai an jera fiye da dubu kafin su kai kaurin gashi ɗaya. Ɗaya daga ciki shi ne ferumoxytol, wanda Amurka ta amince da shi a 2009 don maganin ƙarancin jini ga masu ciwon ƙoda. Yana daɗewa a cikin jini, jijiyoyi su fito fes a hoto, daga baya jiki ya yi amfani da ƙarfen wajen ƙera jini. Sai dai shi ma yakan tayar wa wasu da borin jini mai haɗari, don haka a gaban ma'aikacin lafiya kawai ake bayar da shi.

Kowane irin ruwa za a sa, kafin a shiga ɗakin hoto a gaya wa ma'aikaci:

1. Idan akwai ciki, ko an yi ɓatan wata.
2. Idan akwai ciwon ƙoda.
3. Idan wata allura ta taɓa jawo kumburi, ƙaiƙayi ko sarƙewar numfashi.
4. Idan akwai ƙarfe a jiki.

A cire 'yan kunne, awarwaro da laya. 'Yan uwana mata, kada kunya ta sa ku ɓoye ƙaramin ciki. Ku kira nas gefe ku faɗa mata, sirrinku yana nan a rufe.

Allah ya ƙara mana lafiya, amin.